Alƙahira: Gwamnati na Ja Zuwa Hamada, Jama'a na Ja Zuwa Gona

Wanda ya nemi sanin yawan mutanen Alƙahira zai ci karo da alƙaluman da ba su jitu ba. A wani wuri a ce miliyan 10, a wani a ce 22, wani kuma ya haura 25. Ba ƙarya ake yi ba, kowa da inda ya ja layinsa kafin ya fara ƙirga. A takardun gwamnatin Masar, Alƙahira lardi ne guda a gabashin Kogin Nilu, kuma ƙidayar 2017 ta sami mutum kimanin miliyan 9.5 a cikinsa. Da ka tsallaka zuwa gaɓar yamma ka shiga wani lardin, Giza, mai miliyan 8.6 a wannan ƙidayar. Can dalar Fir'auna take, can ma harabar Jami'ar Alƙahira kanta take. In ka miƙe arewa ta unguwar Shubra ba za ka ga inda gini ya yanke ba, amma ka riga ka faɗa Shubra al-Khaima, wadda ke ƙarƙashin lardi na uku, Ƙalyubiyya, mai miliyan 5.6.

Haɗa ukun nan ne ke ba da abin da ake kira Babbar Alƙahira, kusan miliyan 24 a wancan lokacin. Ita ma wannan jimlar tana da nata aibin. Lardin Giza ya miƙa har dausayin Bahariyya, sama da kilomita 300 cikin hamada, Ƙalyubiyya kuwa ta ƙunshi garin Banha da ƙauyukan manoma masu yawa. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya kan yi nata awon daban, wanda a 2018 ya ba da kimanin miliyan 20. Ko wanne cikin awon biyun nan aka ɗauka, aƙalla mutum ɗaya cikin biyar na Misirawa a nan yake kwana. Tambayar da ta fi damuna ita ce a ina waɗannan miliyoyin suke zaune, don nan ne taswirar da hukuma ta zana ta rabu da wadda jama'a suka shata da ƙafafunsu.

Faɗin Masar ya kai murabba'in kilomita miliyan ɗaya, amma kusan kashi 95 cikin 100 na jama'arta a kan fadamar Nilu suke, wadda ba ta wuce ɗan ƙanƙanin yanki na ƙasar ba. Ruwan saman da ke sauka a Alƙahira a shekara guda bai fi milimita 25 ba, babu damina ke nan. Kogin yana gangarowa daga kudu a matse tsakanin tuddai biyu, sai ya wuce birnin da kimanin kilomita 20 kafin ya rabu gida biyu, reshen Rashid da reshen Dumyaɗ, fadamar ta baje har Bahar Rum. Siffar kamar mafici ce mai dogon mariƙi, Alƙahira kuma tana zaune daidai inda mariƙin ya haɗu da fuskar. Wanda ya riƙe wurin ya riƙe jiragen ruwan kudu da hatsin arewa, dalilin da ya sa tun zamanin Fir'auna aka kafa birnin Memfis a ɗan kudu da nan.

A gabas akwai Dutsen Muƙaɗɗam mai tsayin kimanin mita 200, wanda Salahuddin al-Ayyubi ya fara gina ganuwarsa a kan wani kafaɗarsa a 1176. A yamma akwai tudun da dala take. Daga ganuwar zuwa dalar bai kai kilomita 15 ba. Abin da ke tsakani baƙar ƙasa ce da kogi ya tara cikin dubban shekaru, tana cikin mafi albarkar ƙasar noma a duniya. Bayan tuddan kuwa yashi ne da tsakuwa iya ganinka, kuma a wasu wuraren taku kaɗan ne ke raba kore da fari.

Sarakunan da suka san wannan ƙasa ba su yi wasa da ambaliya ba. Kowace shekara daga wajen watan Agusta kogin kan cika ya malale fadama, don haka a kan busasshen gefen gabas suka riƙa gini. Amru ɗan Asi ya kafa Fusɗaɗ wajen shekarar 641. Abbasiyawa suka ƙara al-Askar a arewa da ita a 750, Ahmad ɗan Ɗulun ya gina al-Ƙaɗa'i a 870, sannan Faɗimiyawa suka aza harsashin Alƙahira a 969 ƙarƙashin kwamandansu Jauhar, da masallacin Azhar a tsakiya. Kowanne ya ɗan matsa arewa maso gabas da na gabaninsa, duk a kan siririn tudun da ruwa ba ya kaiwa. Shi kansa kogin ba a wuri ɗaya ya tsaya ba, a hankali ya riƙa janyewa yamma. Inda babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis take a yau tashar jiragen ruwa ce a zamanin Faɗimiyawa, Azbakiyya kuma tafki ce da kan cika lokacin ambaliya ana yawo a cikinta da kwale-kwale.

Abin da ya buɗe wa birnin ƙofar fadama shi ne ɗaure kogin. Khidiwi Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1863 zuwa 1879, ya shimfiɗa sabuwar unguwa irin ta Turai tsakanin tsohon gari da gaɓa, ita ce tsakiyar birni ta yau. A 1902 aka kammala madatsar Aswan ta farko, a 1970 kuma Babbar Madatsar ta kawo ƙarshen ambaliya baki ɗaya. Daga nan duk gonar da ke kewaye da birnin ta zama busasshen fili shekara zagaye, shimfiɗaɗɗe, ga ruwa kusa. Ban ga wani aikin injiniya da ya fi wannan canza siffar Alƙahira ba, alhali ba don birnin aka yi shi ba, kuma yana ɗaruruwan kilomitoci daga gare shi.

Jama'a ma suka tumbatsa a daidai wannan lokacin. Faransawan da suka zo da Napoleon a 1798 sun kiyasta mutum kimanin dubu 260. A ƙarshen ƙarni na 19 an kusa dubu 600, a 1947 an haura miliyan 2. Zamanin Gamal Abdul Nasir aka kafa masana'antar ƙarfe a Hilwan, masaƙun Shubra al-Khaima suka bunƙasa, matasan ƙauye suka yi ta kwarara daga kudu da arewa. Yaƙin 1967 da Isra'ila ya kwashe mutanen garuruwan bakin mashigin Suwez, da yawansu suka yo nan, a lokacin da kuɗin gwamnati ya koma ga soja aka kusa daina gina gidajen talakawa.

Har yau ana yawan ɗora laifin cunkoson a kan baƙi daga karkara, amma wannan labari ya tsufa. Tun shekaru da dama mafi yawan ƙarin da ake samu haihuwar 'yan gari ce, da kuma ƙauyukan da birnin ya cim musu ya haɗiye. Tsofaffin unguwannin tsakiya irin su Gamaliyya da Muski da Bulaƙ raguwa ma suka yi, don shaguna da ɗakunan ajiye kaya sun kori mazauna. Cikin birni yana ramewa, gefensa yana kumbura.

Gefen nan shi ne abin dubawa. Masu nazarin birnin sun kiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Babbar Alƙahira suna zaune a unguwannin da aka gina ba da izini ba, waɗanda Misirawa ke kira ashwa'iyyat. Imbaba, Bulaƙ al-Dakrur, Darus Salam, Ard al-Liwa, dogon zirin Faisal da Haram, kowacce ta isa a kira ta gari. Wanda ya ji haka zai zaci bukkokin langa-langa ne da leda, to ba haka ba ne. Ginshiƙan kankare ne aka cike tsakaninsu da jan bulo, babu filasta babu fenti, hawa biyar ko bakwai, a 'yan shekarun nan har da masu hawa goma sha. A saman kusan kowanne za ka ga rodi a tsaitsaye yana jiran ranar da za a ƙara bene.

Yadda abin ke faruwa a bayyane yake. Gonakin fadama dogaye ne sirara, gado ya tsattsaga su, kowace tana da baki a hanyar ruwa. Manomi ya lissafa abin da yake samu a noma, ya ga mai neman fuloti zai ba shi ninkin-ba-ninki, sai ya yanka. Ana awo da ƙiraɗi, wato kashi ɗaya cikin 24 na fadan (ma'aunin gona na Masar), kimanin murabba'in mita 175. Mai saye, sau da yawa magini ko malamin makaranta da ya yi 'yan shekaru a Saudiyya ko Iraƙi ko Libiya bayan tashin farashin mai a 1973, ya cinye filin kaf da gini, ya bar 'yar rariya a gaba. Shi da iyalinsa su shiga hawan ƙasa. In ɗansa ya isa aure a ɗora masa nasa a sama, in kuɗi ya samu a ƙara wani a ba da haya. Hanyar ruwan da ke shayar da gonakin, da ta rasa gonar da za ta shayar, sai a cike ta ta zama babban titin unguwa, ƙananan kwalayen ban-ruwa su zama lunguna. Hoton tauraron ɗan'adam na waɗannan wurare har yau yana nuna zanen gonakin da aka binne, layi-layi a miƙe.

Wahalar zama a cikinsu ba ɓoyayya ba ce. Akwai lungun da faɗinsa bai wuce mita uku ba tsakanin benaye masu hawa shida, rana ba ta sauka ƙasa, motar kashe gobara ba ta shiga. Tunda kowa fulotinsa kawai ya saya, ba wanda ya bar filin makaranta ko asibiti ko wurin wasan yara. Amma mutane ba wauta ce ta kai su can ba. Mai aiki a tsakiyar birni zai fita ya hau tuk-tuk, babur ɗin nan mai ƙafa uku, zuwa bakin titi, ya kama ƙaramar bas ko jirgin metro. A ƙasan benensa akwai kafinta, akwai mai walda, akwai mai gasa burodi, ga surukarsa a lungu na gaba da za ta riƙe yara. Haya kuma daidai aljihunsa. A 2011, lokacin da hukuma ta yi rauni bayan faɗuwar Husni Mubarak, mutanen unguwar Mu'utamadiyya a Giza suka tara kuɗi suka gina wa kansu hanyar hawa babban titin zobe, wanda ya ratsa ta gefensu ba tare da an bar musu mashiga ba. Duk mai son sanin abin da talakan birnin ke nema ya duba wannan aikin.

Gwamnati kuwa tun zamanin Anwar Sadat fuskarta hamada take kallo. A 1977 aka kafa Birnin 10 ga Ramadan a kan hanyar Isma'iliyya, a 1978 na 15 ga Mayu kusa da Hilwan, a 1979 na 6 ga Oktoba a yamma, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar da ke kula da sababbin garuruwa. Daga baya aka ƙara Ubur da Shuruƙ da Badar da Shaikh Zayid, sannan Sabuwar Alƙahira a 2000. Tunanin yana da ma'ana a takarda: filin hamada na gwamnati ne, babu manomi a kai, duk gidan da aka gina can gona ce aka ceta. Akwai ma misalin da ya yi nasara a baya, Misr al-Jadida da wani attajirin Beljiyam, Baron Empain, ya fara a 1905, da Madinat Nasr ta zamanin Nasir. Abin da aka manta shi ne su biyun suna manne da gari, ta farkon ma da jirginta na lantarki aka haɗa ta da tsakiyar birni tun daga farko.

Sababbin garuruwan an nisanta su da kilomita 30, 40, har 50. An yi musu tituna masu faɗi da gidaje warwatse, tsarin da ya dace da mai mota, a birnin da mafi yawan gidaje ba su da mota. Dokokin gini sun hana buɗe shago ko wurin sana'a a ƙasan gidan kwana a yawancin unguwanni, alhali da irin wannan sana'ar talaka ke ci. Layukan metro uku, wanda na farkonsu da aka buɗe a 1987 shi ne irinsa na farko a Afirka, duk a cikin tsohon birni suka tsaya. Masana'antu dai sun tafi, 10 ga Ramadan da 6 ga Oktoba sun cika da su, amma ma'aikatan motocin kamfani ke kwaso su da asuba a mayar da su da yamma. Ƙidayar 2006, bayan kusan shekara 30 ana zuba kuɗi, ba ta sami ko mutum miliyan ɗaya a dukkan sababbin garuruwan da ke kewaye da Alƙahira ba, a lokacin da unguwannin da ba su da izini ke ɗauke da sama da miliyan 10. Daga baya sun ƙaru sosai, musamman 6 ga Oktoba da Sabuwar Alƙahira, sai dai mafi ganuwar waɗanda suka koma masu hali ne, cikin rukunin gidaje masu katanga da masu gadi. 'Yan Siriya da 'yan Sudan da yaƙi ya koro ma sun raya wasu sassan 6 ga Oktoba.

Wani abin takaici shi ne gidajen da ba kowa a ciki. Ƙidayar 2017 ta sami sama da gida miliyan 10 a faɗin Masar a rufe ko ba a shiga ba. Wasu iyaye ne suka tanada wa 'ya'ya, wasu na mazauna ƙetare ne. Da yawa kuwa asusu ne kawai. An karya darajar fam, kuɗin Masar, a 2016, aka sake a 2022 zuwa 2024, kowa ya ga cewa kuɗin da ke banki narkewa yake, bulo kuwa yana nan. Saboda haka ake gini a hamada don ajiye dukiya, ake gini a gona don samun wurin kwana.

Adalci ne a faɗi cewa damuwar hukuma ba ta banza ba ce. Masar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayo alkama daga waje, kuma gonar da aka zuba wa kankare ta tafi ke nan. An yi dokokin hana gini a kan ƙasar noma, har da umarnin soja a 1996, a 2019 kuma aka fito da dokar sulhu da ke ba mai ginin damar biyan tara a halatta masa. Wasu unguwannin ma haɗari ne tsantsa. A watan Satumbar 2008 wani ɓangaren Dutsen Muƙaɗɗam ya rufta kan gidajen Duwaiƙa, sama da mutum 100 suka rasu, kuma daga nan aka fara kwashe mazauna irin waɗannan wurare zuwa sababbin rukunai kamar Asmarat. Inda nake ganin an kauce shi ne rabon kuɗi. Mafi yawan jama'a suna wuri ɗaya, manyan ayyuka suna wani wurin. Abin da ya shigo cikin gari a shekarun nan galibi gadojin sama ne da faɗaɗa tituna, har aka rushe wasu sassan tsohuwar maƙabartar Ƙarafa, kuma amfanin su mafi girma shi ne mai mota ya isa hamada da wuri.

Rashin uwa ɗaya ya ƙara dagula lamarin. Babu wani magajin gari da ke da alhakin Babbar Alƙahira dukkanta. Gwamnoni uku ne, shugaban ƙasa ke naɗa su, sababbin garuruwa kuma suna hannun hukumarsu da ke ƙarƙashin ma'aikatar gidaje. A 2008 aka yanko lardunan Hilwan da 6 ga Oktoba, a 2011 aka soke su. A shekarar ce kotu ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka shafe sama da shekara goma ba a sake zaɓensu ba. Mutumin Imbaba da magudanar lungunsa ta toshe ba shi da wakilin unguwa da ya zaɓa da zai tuhuma.

A watan Maris na 2015 gwamnatin Abdul Fatah al-Sisi ta sanar da mafi girman yunƙuri, sabon babban birnin mulki kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira, wanda aka tsara wa mutum miliyan 6.5, da benen da ya fi kowanne tsayi a Afirka. Ma'aikatu sun koma. A wannan karon an yi tunanin sufuri, an buɗe jirgin ƙasa mai lantarki a 2022, aka kuma shimfiɗa na kan layi guda, wato monorail. Wannan ci gaba ne a kan kuskuren baya. Farashin gidajen dai ya fi ƙarfin mafi yawan ma'aikatan da aka mayar can, don haka safe da yamma suna kan hanya. Sannan ga ruwa. Ruwan da za a sha a can daga Nilu za a turo shi da famfo, a hau da shi tudu. Rabon Masar a yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 shi ne kubik mita biliyan 55.5 a shekara, lokacin jama'arta ba su kai miliyan 30 ba. Sun cika miliyan 100 a 2020, Habasha kuma ta ƙaddamar da babbar madatsarta a kan Shuɗin Nilu a Satumbar 2025.

Haihuwa tana raguwa, daga 'ya'ya 3.5 ga kowace mace a binciken 2014 zuwa ƙasa da 3 a na 2021, amma yaran da aka haifa a shekarun yawan haihuwa yanzu suke tasowa, kuma kowannensu zai nemi ɗaki. A kan wannan sai ga batun tsohuwar haya. Tun daga shekarun 1940 doka ta daskarar da kuɗin haya, Nasir ya ƙara rage shi, har ta kai akwai masu biyan 'yan fam kaɗan a wata a manyan gidajen tsakiyar birni, suna kuma gadar wa 'ya'yansu. Dokar 1996 ta saki sababbin yarjejeniyoyi kawai. A 2025 majalisa ta yi dokar da za ta kawo ƙarshen tsofaffin, da wa'adin shekara bakwai ga gidajen kwana da biyar ga shaguna. Abin ya shafi sama da iyalai miliyan ɗaya da rabi a ƙasar, kaso mai tsoka a cikinsu a Alƙahira da Giza, da yawansu tsofaffi ne 'yan fansho. Gwamnati ta yi alkawarin ba su madadi. In madadin a bakin hamada aka gina shi, nesa da asibitinsu da jikokinsu, ina kyautata zaton mafi yawansu hawa na shida a Faisal ko Shubra al-Khaima za su nema, kuma magina a ƙauyukan Ƙalyubiyya da Giza za su yanka wasu gonakin don tarbarsu.